Ranar da Goggo Ta Yi Tafinta

Goggona, ƙanwar babana, ta shekara ashirin da biyu tana aiki a ɗakin wankin wani asibiti a ƙasar da muke zaman baƙunci. Zannuwan gado take tura wa injin guga. Tururi ya cinye mata gira, amma bai taɓa bakinta ba. Magana ba ta kwana a cikin Goggo. In ka gaya mata abu a ƙofar coci, kafin ka kai tashar bas ya riga ka isa gida. Mu 'yan Katolika masu jin Hausa a garin ba mu cika arba'in ba, a ɗakin ƙasan coci muke taruwa bayan Mas, wato babbar addu'ar Lahadi, kuma kowa ya san halinta. Muna sonta, muna kuma kama bakinmu a gabanta.

Babbar aminiyarta ita ce matar Katikis, dattijon da ke ja mana addu'a. Yaya take ce mata, har makullin gidanta akwai ɗaya a hannun Goggo.

Wata Talata Katikis ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, aka kai shi asibitin su Goggo. Da ya farfaɗo, harshen ƙasar da ya shekara talatin yana yi ya ɓace masa tas, Hausa kaɗai ta rage. Likita ya ce a kira na kira, da wuya ya kai yamma. Shi kuwa abu ɗaya yake maimaitawa: "Fada. Ikirari." So yake ya furta zunubansa gaban Fada, limamin cocinmu, kafin ya tafi.

Fada ya zo da gudu, sai dai ko "sannu" bai sani ba. Ya ce zai iya yi masa addu'ar gafara ko bai fahimci kalmomin ba. Da na fassara wa Katikis, ya ce, "A'a. Sai ya ji." Fada ya ce to, an yarda da tafinta, amma abin da ya ɗaure Fada ya ɗaure tafinta: abin da ya ji, da shi za a binne shi.

Katikis ya ɗaga yatsan da ke motsi. Ya wuce matarsa, ya wuce ni, ya tsaya kan Goggo, wadda ta hauro daga ɗakin wanki da rigar aiki a jiƙe. Na ce a zuci, yau an ba kura ajiyar nama.

"Baba Katikis, ni? Ka fa san bakina."

"Na sani. Rufe ƙofa."

Minti ashirin da biyar muka yi a baranda, numfashinsa kuwa ba tabbas. Matarsa tana jan rosari, carbinmu na Katolika, amma idonta na kan ƙofar. Can ta ce da ni, "Shekara talatin da shida muna ɗaki ɗaya. Me zai faɗa da ni ba zan ji ba?" Da Goggo ta fito ba ta dubi kowa ba, ta sauka ta ƙarasa aikinta. Kafin ƙarfe huɗu Katikis ya cika.

Mako guda bayan jana'iza na raka Goggo gidan Katikis. A kicin muka tarar da matar, ko wurin zama ba ta nuna mana ba.

"Ba abin da ya faɗa nake tambaya ba, na san doka. Abu ɗaya ne. Ya ambace ni?"

"Yaya, don Allah kada ki sa ni."

"E ne ko a'a. Ko kai ki kaɗa."

Na ga wuyan Goggo ya sandare, tana tsoron kada ya motsa da kansa.

"In ba komai, ki ce ba komai, in samu barci. Kwana bakwai ban runtsa ba."

"Ba tawa ba ce, Yaya. Ta bakina ta bi kawai."

"Ke da kika shelanta wa duniya ranar da ɗana ya faɗi jarrabawa, yau ne kika san amana? Ajiye min makullin gidana."

Goggo ta kwance shi daga cikin nata, ta ɗora a tebur.

A bas na kasa haƙuri, don raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Goggo, kalma ɗaya ce fa! Ko ƙarya ce ki yi mata, mace tana cikin makoki." Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "In na ce ba komai, ai na faɗi wani abu ke nan. Kai ma so kake ka sani." Gaskiyarta, so nake.

Bana shekara bakwai. Goggo tana nan da surutunta, jiya ma ta ba ni labarin mutum uku kafin in cire takalmi. Amma kan wannan, ko da wasa.

Kowace Lahadi, in Fada ya ce a ba juna salama, sai Goggo ta bar bencinta, ta tsallake layi biyu, ta miƙa hannu ta ce, "Salamar Ubangiji, Yaya." Matar Katikis kuwa ta riƙe littafin waƙa da hannu bibbiyu, ta ce a hankali, "Ya ambace ni?"