Shekarar da na sayo akuya maimakon kwanuka

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Umbadda ta birnin Umdurman, ni ce matar da ba ta iya wuce rumfar kwanuka ba ta tsaya ba. Wasu matan tufafi ne cutarsu, wasu turare. Ni kuwa in na hango kofunan gilas masu bakin ruwan zinari, sai in manta abin da ya fito da ni daga gida.

Laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. A unguwarmu maza ba sa buɗe baki a cikin gida da azumi. Ana shimfiɗa tabarmi a bakin layi, kowane gida ya fito da siniyarsa, wato babban tiren abinci, a haɗu a ci. Ke nan duk layi zai ga kwanon da kika zuba miya da kofin da kika zuba abin sha. Shi ya sa da Sha'aban ya kama mata ke sauya kayan kicin, abin da muke kira idda. Muna da adashe, kuma kullum sai na yi ta magiya har a sa ɗaukata ta faɗo a watan. Kwanukan bara in tura su ƙarƙashin gado, alhali ko tsagewa ba su yi ba.

Shekarar da nake ba ku labari, farkon mulkin soja ne, kaya na tashi tsakanin safe da yamma, sukari ma sai da katin rabo. Maigidana dako yake yi a kasuwar Suk al-Arabi, abin da ya samo ranar shi za mu ci. Na yaye 'yata da wuri saboda wani cikin, sai gudawa ta kama ta. Ta warke, amma ta rame ƙwarai, yarinyar da ta fara takawa ta koma zama. Likita ta ce madara take buƙata kullum. Ta gwangwani ta fi ƙarfinmu, ta mai jakin da ke zagayawa kuwa rabinta ruwa ne. Na ji bayanin likita, na gyaɗa kai kamar mai hankali. Da kuɗin adashe suka shigo hannuna, na goya yarinyar na nufi Kasuwar Umdurman sayen kwanuka.

Na zaɓi tire, na zaɓi kofuna, muna cikin ciniki sai dattijon mai rumfar ya ɗauko alawa ya miƙa wa 'yar da ke bayana. Ya daɗe da hannu a miƙe.

"Barci take yi, 'yata?"

Na waiga. Idonta biyu, tana kallon alawar, amma hannun ta kasa ɗagawa. Wallahi ban taɓa jin kunyar kaina kamar ranar ba. Na ajiye kofin da ke hannuna na ce, "Ma'alesh, yi haƙuri Baba, na fasa." Ya biyo ni da ragi har bakin rumfa, ban juyo ba.

A ƙauye na tashi, a Jazira, kuma tun ina ƙarama mahaifiyata ta koya mini duba hantsar akuya. Na hau mota zuwa kasuwar dabbobi, na zagaya cikin rana har na samu wata baƙa mai ɗa, na tatsa da hannuna na gani. Kuɗin kwanukan gaba ɗaya suka tafi, da ƙyar na tsira da na mota.

A gida kuwa mata sun taru suna shan kofi, suna jiran a buɗe kaya a yi kallo kamar yadda aka saba. Yayar mijina ce a gaba, matar da ko cokali ka saya sai ta juya bayansa ta duba. Sai ga ni na shigo da igiya a hannu, ɗan akuya yana ihu a baya.

"Ke, ina iddar?"

"Ga ta nan, Yaya, tana cin gefen tabarmarki."

Ba wanda ya yi dariya. Ta ce, "Haram alaiki! Ƙanena za ki kunyata a gaban maza? Mu ba a san mu da haka ba." Na ce mata yarinya ce ba ta da lafiya. Ta ce ai kowa da yara a gidansa, kuma duk sun sayi kwanuka. Na ɗaure akuyata a gindin bango, na shiga neman kwanon tatsa.

Maigidan bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya yana kallon dabbar, can ya ce, "To ni da wace fuska zan fita da tsohon tire?" Na ce da wadda yake fita da ita dako kowace safiya, ai ba ta tsufa ba. Kwana biyu gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Ranar farko ta azumi, da la'asar, Yaya ta aiko da sabuwar siniyarta da kofuna, wai a rufa asiri, bayan Sallah in mayar. Na ɗauka da kaina na kai mata har ɗaki. Na ce, "Na gode, Yaya, amma asirinmu a rufe yake. Wanda kofin bara ya hana shi shan ruwa, ya ci gaba da azuminsa." Na dawo na wanke tsofaffin da toka, na zuba abinci, aka fita da su.

Ba zan yi muku ƙarya ba, an yi maganar. Mazan ba su ma lura ba, yunwa ta ishe su, amma labari ya riga ya zagaya gidaje. In na je ɗebo ruwa sai hira ta tsaya. Akuyar ita ma ba ta taimake ni ba, ta ci mini mayafi, ta ci littafin ɗan maƙwabta, sai da na je ban haƙuri. Amma safe da yamma ina tafasa madara, 'yata tana shanyewa har ta lashe baki. A goman ƙarshe, ina tankaɗe a tsakar gida, na ga ta kama ƙafar gado ta miƙe. Ta saki, ta yi tangal-tangal ta nufi ɗan akuyar za ta ja masa kunne. Ubanta yana zaune a wurin, ya juya fuska bango ya daɗe bai juyo ba.

Har yau ina son kwanuka, kada ku ɗauka na zama waliyyiya. Sai dai tun daga lokacin in na ɗauki abu a kasuwa nakan tambayi kaina: amfani zan yi da shi, ko so nake a gani? In don a gani ne, nakan ajiye, mai kallon ya je ya saya da kuɗinsa.

Tsofaffin unguwar har gobe Uwar Akuya suke kirana, suna zaton tsokana ce. Ni kuwa da ƙarfi nake amsawa. A waccan shekarar an fita da ƙananan yara daga layinmu a naɗe cikin tabarma, kuma tawa ba ta cikinsu.