Koren Haske A Ramin Tsafe

Ina tsugune cikin ramin siminti bayan Tsafe, rana tsaka, zaren gilashi a hannuna yana zuba koren haske bisa farar takarda, sai ga muryar Injiniya Bulus ta oba-oba, rediyon hannun da muke magana da shi, yana cewa ai shi bai ma kunna na'urar ba tukuna.

Wallahi jama'a da ni abin nan ya faru, ƙarshen shekarun casa'in, ba labari aka ba ni ba. Na bar makaranta tun aji biyu, na taɓa walda, na taɓa kabu-kabu, ba inda na yi wata uku, har wani ɗan kwangila ya ɗauke mu aikin binne wayar tarho daga Tsafe ta Gusau zuwa Bungudu. Wayar ba ta tagulla ba ce, zaren gilashi ne siriri kamar gashin wutsiyar doki, haske ke bi ta ciki. Injiniya ya ce da yashi aka yi shi, kuma kafin ka ƙifta ido hasken ya je Bungudu ya dawo ba adadi. Ya ce masu bincike a waje in sun cusa haske mai tsananin ƙarfi cikin matsattsiyar hanya irin wannan har launi yake sakewa, amma tamu na'urar ko kusa, ja ka sa, ja za ka gani.

Aikina bai da wuya. Injiniya yana rami na gaba wajen mil biyu, ya ƙifta jan haske sau uku, ni in ɗora bakin zaren a takarda in ƙirga in gaya masa. Doka ɗaya ce, kullum sai ya maimaita ta: kada in kai zaren ga ido, don akwai hasken da ba a gani amma yana ƙona shi. Lawali, abokin aikina ɗan Bungudu, yakan ce an bai wa kurma doka.

Ran nan da na ce wa Injiniya uku ne amma kore, dariya ya yi, wai yunwa ce. Can sai dariyar ta tsaya.

"Ajiye shi. Ɗaya bakin yana hannuna a rufe, ban haɗa shi da komai ba."

Ga hasken kuwa yana ta yi, uku, ya tsaya, uku. Ni da rawar kaina, na ce bari dai in leƙa kaɗan, na kai shi idon dama. Innalillahi. Kamar ka leƙa rijiya mai zurfin gaske, can ƙarshe kuma ido ne, ba gira ba gashi, yana kallona. Duk sanda zan ƙifta, ya riga ni.

Lawali ne ya jawo ni waje. Injiniya ya zo ya gwada, ja ya fito lafiya lau, amma da ya ga ɗigon ƙuna uku a takardar sai ya ninke ta ya sa aljihu. A asibiti a Gusau likita ya haska ya haska, ya ce idon bai da tabo ko ɗaya. To har yau kore kawai nake gani da shi, kuma wani lokacin koren yakan ƙifta.

Don Allah, in mai sana'a ya ce kada ka leƙa, ka bari, ko shi ma bai san duka dalilin ba.

Ina kwance a gida Tudun Wada na ji an ba Lawali ramina. Na yage kwalin sukari na rubuta, na ba direban motar Tsafe:

"Lawali, ka yi mini duk tsiyar da kake so, amma in ya zo kore ka rufe bakin zaren ka fito. Kada ka ƙirga, kada ka leƙa. Ya riga ya karɓi idona, kai ka koma wa Inna da naka biyu."