Tafintan Ɗakin Tantancewa

Har yau ban manta da safiyar da aka sa ni fassara wa Habibu hukuncin likitoci ba. Ku da za ku fara aikin sa-kai bana, gara ku ji shi tun yanzu.

Shekarar da Doha ta karɓi babbar gasar guje-guje ta nakasassu, ina gadi a wani bene a unguwar Al-Sadd. Na roƙi kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, hutu, na shiga cikin 'yan sa-kai. Da farko aikina tura keken guragu ne da nuna hanya. Kafin a buɗe gasa, shugabarmu, wata Balarabiya, ta same ni a bakin ƙofa ta ce, "Kai ne mai jin Hausa? Yalla, zo mu je, ana neman tafinta a ɗakin tantancewa."

Ga wanda bai sani ba, duk sabon ɗan wasa sai ya bi ta wannan ɗaki. Likita da ƙwararren wasanni ne ke auna nakasarsa su sa shi a rukunin da ya dace, don kada mai ƙaramin lahani ya kara da mai babba. Akwai kuma iyakar da in lahanin mutum bai kai ta ba, ba zai shiga gasar ba sam.

A can na tarar da Habibu, wani dogon saurayi daga wajajen Gusau, ɗan tsere. Kocinsa ɗan kudu ne, ba ya jin Hausa, Habibu kuma Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Da na yi masa sallama sai ya rungume ni. "Yaya, Allah ne ya kawo ka! Tun da muka sauka ban yi magana da kowa ba."

Injin niƙa ne ya cinye masa yatsun hannun dama da rabin tafin tun yana ƙarami. Likitar ta juya hannun, ta lanƙwasa shi, ta auna, ta sake aunawa. Suka fitar da mu suka yi shawara. Da muka dawo ta dube ni ta yi bayani a hankali: ƙa'ida ita ce sai yankan ya kai wuyan hannu. Nasa wuyan hannun yana nan lafiya, yana motsi. Bai cancanci shiga ba.

Habibu yana ta murmushi yana jiran in faɗa masa rukuninsa. Na ce, "Sun ce lahaninka bai kai ba."

"Bai kai ina ba?"

Na nuna masa wurin a jikin hannuna. Ya daɗe yana kallon nasa, sannan ya ce, "Yaya, tambaye ta. Wato da injin ya ƙara cin ɗan wannan, da yau na shiga?"

Na fassara. Likitar ta sunkuyar da kai ta ce haka ne.

Doka ta ba shi damar wani kwamiti ya sake duba shi, kuma washegari aka yi. Ni ne dai tafinta. Ya ce in gaya musu ya je ɗaukar soja an kore shi saboda hannun nan, ya nemi lasin tuƙin babbar mota an hana shi, har masu ɗaukar lebura sun ƙi shi. "Can sun ce ni musaki ne, nan kun ce ni lafiyayye ne. To ina zan je?" Na fassara kalma da kalma, ban rage komai ba. Sun saurara da ladabi, sannan suka tabbatar da hukuncin farko. Shugabarmu ta dafa kujerata ta ce, "Khalas, ba abin da za mu iya."

Jirginsu sai bayan gasa, don haka ya ci gaba da zama a masauki. Mutanen unguwarsu suna ta kiransa suna tambayar ranar da za su gan shi a talabijin, har ya kashe wayar. Ranar tseren da ya zo domin shi, ya ce in kai shi cikin 'yan kallo. Da aka harba bindigar farawa na ga ƙafafunsa suna dukan ƙasa yana zaune. Bai jira a ɗaga tutar wanda ya yi nasara ba, ya ce mu tafi.

Daga baya wani abokin tafiyarsa ya shaida mini ya daina gudu, yana jiran shagon wansa.

Ba na zargin likitocin, ƙa'ida suka bi, kuma ƙa'idar tana kare wasu. Waɗanda suka ɗauko shi daga gida ba tare da sun auna shi ba, su Allah ya sani. Abin da na koya shi ne, a wannan aiki za a ba ku riga mai kyau, a koya muku murmushi da tura keke, amma ba wanda zai koya muku yadda za ku gaya wa mutum da harshen uwarsa cewa ba shi da wuri. Da aka sake neman tafintoci a wata gasa, sai na ce a mayar da ni bakin ƙofa.