Kiɗan Ƙirjin Kawu

Jiya na jiyo gangar gayya daga wajen ƙauyen Manga, sai kawuna ya faɗo mini a rai. A da shi ke yi wa manoma kiɗa. Da ciwon zuciya ya kayar da shi ya dawo daga asibiti, ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa mai gumi. "Ji nan, ɗana. Da yarona ne ke wannan kiɗa, yana gudu yana tsayawa, da na ƙwace gangar."

Dangi suka ce jifa ne, suka ɓoye ƙwayoyinsa, suka ɗura masa jiƙo. Bai ga kaka ba.

Yanzu tawa zuciyar ta fara wannan kiɗan. Gobe asibiti zan nufa, duk mai jiƙo ya sha abinsa. Allah ya ba ka hutawa, kawu.