Lamɓon da Na Yi wa Tela

A shekarun da nake malamin awon gyaɗa a Gusau, kafin Turawa su tattara nasu su tafi, na ɗauki kaina mutum mai wayo ƙwarai. Ba wanda ya taɓa faɗa mini haka, ni na gano da kaina, kuma na yarda.

Mai gadin sitonmu wani tsohon soja ne Kirista daga can ƙasar Binuwai, kowa Saje yake ce masa. Daga yaƙin Bama ya dawo da tabo a ƙwauri da karta guda ɗaya wadda ta yi laushi kamar tsohon ƙyalle. Shi ya koya mana wasan da yake kira foka. Ran Lahadi in ya dawo daga coci, mu kuma mun yi azahar, sai mu shimfiɗa tabarma a inuwar sito. Mu uku ne almajiransa: ni, da wani tela mutumin Tsafe, da wani direban babbar mota ɗan Bungudu wanda dariyarsa kaɗai takan ɓata mini rai. Da 'ya'yan tsamiya muke yi, don kada a ce caca muke.

Wasan ba wuya. Kowa kati biyar, a zuba 'ya'yan tsamiya a tsakiya, a canja katin da ba a so, a sake zubawa, sannan a buɗe, mai hannu mafi ƙarfi ya kwashe. Zubi yana da iyaka, biyu-biyu kafin canji, huɗu-huɗu bayansa. In layi ya zo kanka, ko ka zuba, ko ka ce "na wuce". Wanda aka zuba masa ko ya bi, ko ya ƙara, ko ya jefar da katinsa.

A nan na sami abin da ya dace da halina. Hannunka ya yi kyau, amma ka marairaice ka ce ka wuce. Na bayanka ya ga banza ta faɗi ya zuba, kai kuwa ka ƙara masa, ya biya ninki biyu. Lamɓo muke ce masa. Ranar da na fara kama direba da shi, har Tsafe na je awo washegari ina murmushi ni kaɗai a bayan mota.

Saje ya sha ja mini kunne. "Malam, in hannu ya yi kyau, zuba. Lamɓo sai ka tabbata na bayanka zai zuba. In shi ma ya wuce fa? Ka ci iska." Nakan ce to. A raina kuwa ina ganin tsufa ne ya sa shi tsoro.

Wata Lahadi bayan kaka ya ce mana ya ajiye aiki, zai koma garinsu a jirgin ƙasa na ran Laraba. Karta kuwa ba zai tafi da ita ba. Za a yi wasa har kiran la'asar, shi rabo kawai zai yi, wanda ya fi tara 'ya'yan tsamiya ita ce tasa.

Ina son kartar nan, ba zan ɓoye ba. Ana sayar da sabuwa a kanti, amma wannan ta Saje ce, kuma duk wanda ya riƙe ta shi ne magajinsa a tabarmar. Ban iya tunanin ta a aljihun direba, tare da goro da baƙin mai.

Sai ga shi direban ne a gaba. Ina ta ƙirga tulinsa da wutsiyar ido. Da ladan ya fara gyaran murya, Saje ya ce wannan ne rabon ƙarshe. Direba ya duba katinsa, ya jefar, ya rungume tulinsa yana dariyar nan tasa. Muka rage ni da tela. Na canja kati biyu, na ɗaga a hankali, sai ga sarakuna huɗu suna kallona, hannun da da wuya a doke shi.

Lissafin a fili yake. Abin da ke tsakiya bai isa in wuce direba ba, saura uku. In na zuba huɗu tela ya bi, shi ke nan, karta tawa ce. Tela kuwa bai taɓa ƙin bi ba, bai kuma taɓa ganin an wuce ya ƙyale ba. Amma cin da kowane mai awo zai iya yi bai ishe ni ba. Ina so Saje ya hau jirgi yana ba da labarina.

Na yi tagumi. Na sauke ajiyar zuciya. Na kalli tulin direba, na kalli kartar, na girgiza kai kamar wanda aka aiko wa da rasuwa.

"Na wuce," na ce, murya can ƙasa.

Tela ya ɗebi huɗu a hannunsa. Na ga yatsunsa sun nufo tsakiya. Sai ya tsaya, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya mai da su tulinsa.

"Ni ma na wuce, Malam. Buɗe mu gani."

Na buɗe sarakunana. Shi ma ya buɗe: 'yan goma guda uku da 'yan takwas guda biyu, hannun da zai bi ni da shi har inda iyaka ta tsaya. Na kwashe na tsakiya, aka ƙirga, direba ya fi ni da uku. Ya sa karta a aljihu.

Haushi ya sa na tambayi tela abin da ya hana shi zubawa da irin wannan hannu.

"Na ga kamar kuka za ka yi," in ji shi. "Na san yadda kaka son abin ga. Nic ce ba ni za ni ƙarasa ka ba." Ya sake duban sarakunan. "Ashe lahiyakka lau."

Bai yi fushi ba, ya dai tashi ya tafi alwala. Saje ya shiga naɗe tabarma abinsa, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi shekara ina nazarin yadda tela yake wasa, ban taɓa lura da cewa yana ƙaunata ba. Kunyar da na ji ran nan ta fi zafin rasa kartar.

Ran Laraba muka raka Saje tasha. Ya ɗora akwatinsa na ƙarfe, ya riƙe hannuna ya ce in gai da mutanen Bungudu in na je awo. Da jirgi ya yi kuka ya fara motsi, sai na ji hawaye sun zubo mini, na gaske, har ina sharewa da hannun riga. Tela yana tsaye a gefena. Ya leƙo fuskata a natse, ba alamar wasa a tare da shi.

"Malam," ya ce, "wanga karon kuma mi kaka riƙe?"