Subiyar Kaka Dije da sunan da aka ɓata

Shekara biyar ke nan da rasuwar kakata, Hajiya Dije mai subiya ta unguwar Nuzla a Jidda. Ina firamare aka ɗauke ta. Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai malama ta maimaita sunana kafin in ɗaga kai. Abin da na gani a azumin bana ne ya sa na ɗauki biro.

Subiyar da aka fi sani a Jidda fara ce. Ta Kaka ja ce, launin zuma idan rana ta ratsa kwalba. Takan jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, ta shanya a kan soro, ta gasa shi a hankali har gidan ya ɗauki ƙamshin ƙanzo. Sai ta niƙa, ta zuba a randa da kirfa, ta rufe da ƙyalle. Abin sha ne mai rai. Yau yana da zaƙi, in aka yi sake zafin Jidda ya tsallakar da shi ya zama abin da Musulmi ba ya sha.

Shi ya sa ba ta taɓa sayar da ko moɗa ɗaya ba ta ɗanɗana ba. Takan ɗaga kofin gilashi ta dubi launi, ta dubi kumfa ko tana kwanciya ko tana tashi. Ta shinshina. Sannan ta ɗiga a harshe, ta rufe ido. "Zaƙi a gaba, ɗan ɗaci a baya, ya binti," in ji ta, wato 'yata da Larabci. "In ya cije ki a hanci, shi ke nan, ya tsallaka." Wanda ya tsallaka kuwa a kwata take juye shi, randa guda, masu saye na tsaye da kwanoninsu. Da azumi ma ba ta fasawa: ta taɓa da bakin harshe, ta tofar, ta kurkure baki, kamar yadda malamai suka yardar wa mai girki.

Wannan tsoron Allah nata shi aka mayar laifi. Wani maƙwabcinmu mai kanti ya hango tsohuwa da kofi a baki da rana tsaka a Ramadan, ya kuma ji tsamin da ke tashi daga kwata. Bai tambaye ta ba. Ya bi unguwa yana cewa a gidan Dije giya ake dafawa, ita kanta ma ba ta azumi. Mata suka daina aiko yara. Kaka ba ta je ƙofar kowa ta yi rantsuwa ba, ta ci gaba da jiƙa sha'irinta. Har ta koma ga Allah akwai masu jin sallamarta su kau da kai. A makaranta har yau akwai yarinyar da ke kirana jikar mai burkutu.

Bana Kawu Bukar, ƙanin Ummata, ya kafa rumfa a unguwar Waziriyya, inda ma'aikatan yankin masana'antu ke bi. Ya rataya allo: Subiyar Hajiya Dije. Ba ya jiƙa sha'ir. Busasshen burodi yake jiƙawa, ya ƙona sukari don launi. Ba ya zubar da komai, sai ake yaba masa cewa ƙofarsa ba ta tsami.

Wata rana bayan an harba igwar shan ruwa, ya miƙo mini kofi a gaban jama'a. "Yalla, Hadiza, ke kika gaji harshen tsohuwa. Gaya musu."

Launin ya dushe kamar shayin jiya. Kumfar tana ta tashi ba ta kwanciya. Tun kafin ya taɓa leɓena ya cije ni a hanci.

"Kawu, ya tsallaka."

"Me kika ce? Ɗaga murya mana, 'yar madarasa!" Aka yi dariya. Ya jefa ƙanƙara da sukari a randar, ya gauraya. Mai kantin nan yana zaune a benci. Ya miƙa kofinsa a ƙara masa, ya ce, "Allah ya jiƙan Dije, hannunta da albarka."

Da Kaka tana nan, ba na jin za ta tsaya kan burodi ko ƙonannen sukari. Tambaya ɗaya za ta yi: wa ya ɗanɗana kafin a ba masu azumi? Ni kuma tawa tambayar ga mutanen Nuzla ce. Matar da ta zubar da guminta don kada ku sha haram kun kira ta mai giya. Yau ana shayar da ku abin da ta zubar, da sunanta, kuna sa albarka.

Na gaya wa Umma a hanyar gida. Da safe ta yafa abayarta ta fita, ta dawo da allon a hammata. Kawu ya daina shigowa gidanmu.

Kaka ba ta bar mana gida ba, ba ta bar zinariya ba. Ta bar 'ya mai iya cire allo da jika mai iya cewa ya tsallaka, ko da ƙasa-ƙasa ne. Sunanta bai wanku a Nuzla ba tukuna. Amma daga bana ba za a ƙara shan haram da shi ba. Allah ya kai haske kabarinta.