Taɓon da Muka Mayar wa Garba Akawu

Ranar ƙaramar Sallah ta 1976, ina ɗan shekara tara, na fito daga gidanmu a Unguwar Kanawa cikin farar shadda sabuwa dal, ina tafiya hannuwa a buɗe don kada ta yamutse. An kwana ana ruwa, kuma a kwanar da ake bi a nufi Rafin Guza akwai wani kududdufi da in jaki ya faɗa sai dai a hango kunnuwansa. Ina raɓawa ta gefensa sai ga maƙwabcinmu Garba Akawu, ma'aikacin gwamnati, a sabuwar motarsa. Bai rage gudu ba. Ya sheƙa mini jan taɓo tun daga hula har takalmi, har a baki sai da na ɗanɗana, sannan ya ɗago mini hannu ta taga, wai barka da Sallah.

Kawu Sule, ƙanen Inna, yana ƙofar garejinsa, komai a kan idonsa. Bakanike ne, yana da wata tsohuwar mota da unguwa ta raɗa wa suna Kunkuru, don ko mai turin baro kan wuce ta a hawa. Ya cusa ni ciki muka bi Garba, amma kafin Kunkuru ta gama tari mutumin ya isa filin idi har ya shimfiɗa darduma. Da yamma Kawu ya same shi a majalisar dattawa ya ce ya ba yaro haƙuri. Garba ya ce, "Sule, ranar da akurkin kajin nan naka ya kamo ni, a tsugune zan ba shi." Aka kwashe da dariya. Sai da muka kusa gida Kawu ya kama kunnena ya ce, "Kada ka yarda a wanke hular nan." Na rataye ta a ƙusa da taɓonta.

Bayan Sallah ya ɗaure sarƙa a reshen mangwaro ya zaro injin Kunkuru, ya baje shi a kan buhuna. Ya kai gangar injin aka rarake ramukanta, aka zura manyan fistin da ya tono a Panteka. Ya ɗora kafireta biyu a madadin ɗaya, wai ta riƙa shan fetur hannu bibbiyu. Kan injin kuwa a bisa gilashin tsohuwar taga ya yi ta goga shi da sanfefa, yana yi yana ambaton sunan Garba ƙasa-ƙasa. Ni na bar langa, na bar ƙwallon tsumma. Da na dawo daga boko sai gareji, ina wanke notocin inji da kananzir a tasar Inna, har tuwonmu ya koma yana warin fitila. Da aka gama da inji sai Kawu ya ce motar ta yi nauyi. Ya cire kujerar baya, ya cire safayar taya, ya ɓanɓare ƙarfen ƙasa da tsatsa ta cinye, ya rufe ramin da kwali da guntuwar tabarma. Ranar da aka tayar da ita, kajin unguwarmu suka yi yajin ƙwai, liman ya aiko a ji ko lafiya.

Sai dai rani ya riga ya shigo, kududdufi ya bushe ƙaf. Na ce mu wuce Garba a hanya hakanan a huta. Kawu ya ce, "Taɓo ya ba mu, taɓo za mu mayar masa." Ya lulluɓe Kunkuru da tamfol. A shekarar nan babu manomin da ya kai ni roƙon ruwa.

Sallah ta zagayo, kududdufi ya cika har ya yi ɗa. Garba ya fito a motarsa cikin farar babbar riga, gilashi a sauke, gwiwar hannu a waje kamar kullum. Muka bi shi a hankali, ni ina sanye da tsohuwar hulata. Dab da kwanar Kawu ya taka, Kunkuru ta yi wani kuka da har yau nake ji a haƙorana, muka jera da shi daidai tsakiyar ruwan. Na ga taɓo ya tashi kamar katanga ya shige masa ta taga. Abin da muka manta shi ne kwalin nan: ragowar kududdufin ta ƙasa ya ɓullo mana, ya wanke mu har hanci. Duk da haka na ɗago wa Garba hannu, na yi masa barka da Sallah.

Dattawan majalisa ba su manta da maganar bara ba. Mu uku muka tsaya gabansu jajaye wur, ido kawai ake gani, Garba ya tsuguna yana ɗiga ya ce, "Yi haƙuri, ɗan nan." Na yi kamar ban ji ba, sai da ya maimaita.

Yanzu an shimfiɗa kwalta a kwanar, kowa ya ɗage gilashi ya kunna sanyi, injin mota kuma sai an jona masa na'ura yake faɗin ciwonsa. Kawu ya rasu, mangwaron ya zama shago. Amma duk sanda na ga an yi ruwa da safe nakan rage gudu in duba gefen hanya, ko akwai yaro mai fararen kaya. Ba kowane yaro ne yake da Kawu Sule ba.